Zakaran Wuyan Baba Nomau

Samarin nan masu shagon aski na bakin tasha sun sa mini suna Mai Tafi. Wai ba na iya gama kai guda sai na yi ta buga aska a tafin hannu, tas-tas, kamar mai kiran tantabaru. Akwai ma wanda ke kwaikwayona da cokali in na wuce. Ban ji haushi ba. Mutumin da lantarki ke yi wa aiki, nasa kawai ya riƙe inji ya bi kai da shi kamar mai guga, dole ya sami lokacin dariya. Ranar da hadari ya hana sola cika musu batir kuwa, ni nake ganinsu sun yi tagumi, mutanensu na tsallakowa gindin tsamiyata da rabin kai. To ku samarin, ku matso in gaya muku inda tafin nan ya samo asali, don na lura ba ku ma san inda ake kallo a jikin mutum ba in an ɗora masa ƙarfe.

Kan farko da aka ba ni in aske duma ne. Maigidana Baba Nomau, wanda ya koya mini wanzanci, shi ya shafa wa duman sabulu ya miƙo mini aska, ya ce in kankare kumfar kaf ba tare da na karce ɓawon ba. Na tambaye shi yaushe zan taɓa kan mutum. Ya ce, "Labbo, bari gaggawa. In ka yanki duma babu mai zuwa da dangi." Na daɗe a kan duman nan. Tsakanin haka ni ne mai ɗaukar zabira, jakar fatar da ke ɗauke da asake, da ƙahonin yin ƙaho, da dutsen washi, da ƙoƙon ruwa, da sabulun salo. Muna bin kasuwanni, yau Bukkuyum, gobe Anka, wata rana har Gummi. Shi yana kan keke, ni ina bayansa ina rungume da zabira, kuma in wata aska ta yi tsatsa kunnena ne ke biya.

Gemu na farko da na yi wa gyara na wani dillalin hatsi ne daga Adabka, ƙato, bakinsa cike da goro. Na gama kumatu lafiya lau, har kaina ya fara girma. Na gangaro da aska wuya ke nan sai na ji an cafke mini tsintsiyar hannu. A daidai lokacin zakaran wuyan mutumin, ɗan ƙullutun nan na maƙogwaro, ya yi sama ya dawo, daidai inda bakin askata zai sauka.

Baba ya ce, "Kai, mi kaka kallo?"

Na ce, "Gemu, Baba."

"Gemu ba shi motsi, sakarai. Wanga shi ka motsi." Ya nuna maƙogwaron da yatsa. "Ɗan Adam ba shi iya zama bai haɗiye miyau ba, ko shina salla, ko shina jin labari. Shi bai san shina yi ba. Kai za ka sani mishi."

Daga ranar ya koya mini dabararsa. Kafin aska ta sauka wuya, sai ka buga ta a tafin hannu, tas-tas, wanda dama yana gyara mata baki. In baƙo ne ka ce masa, "Haɗiye," kai ma ka haɗiye ya gani. In ya yi, ka sami sarari ka bi wuyan da sauri. Tsofaffin abokan ciniki kuwa ba sai an faɗa musu ba, da sun ji tas-tas sun haɗiye. Baba ya yi shekaru yana wannan har ya horar da rabin ƙasar Bukkuyum. Na sha ganin an tafa sauro a masallaci, sahu guda zakarun wuya sun hau sun sauka.

Kada ku ce aski ne kawai aikinmu. Mun yi ƙaho, mun yi wa jarirai askin suna, mun yi kaciya, kuma a da muna cire belu, ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki. A ƙasarmu duk abin da ya sami mutum daga wuya zuwa sama, belu ake tuhuma. Tari belu ne, amai belu ne, yaro ya ƙi nono belu ne. Ni na ajiye wannan aikin tun da ma'aikatan lafiya suka tara mu suka nuna mana irin jinin da ake asara da irin cutar da ke biyo baya. Baba ya je taron, ya ci shinkafarsu, ya sha lemonsu, da muka fito ya ce baƙin ciki suke yi da sana'armu.

Ciwonsa a hannu ya fara. In ya zauna ba ya komai, babban yatsansa na dama da manuni sai su yi ta murza juna. Mutane suka ce Baba Nomau ya yi nisa a ibada, yana jan carbi ba carbi. Abin mamaki, da ya ɗauki aska sai rawar yatsun ta tsaya, don haka babu wanda ya damu. Sannu a hankali tafiyarsa ta koma gajerun taku, yana jan ƙafa, ƙeya ta sunkuyo, murya ta yi ƙasa. Fuskar nan da ke iya zagin mutum da gira kaɗai ta tsaya cik. Ka ba shi labarin ban dariya, sai ya zuba maka ido baki a ɗan buɗe, ka rasa ko ya ji daɗi ko tsine maka yake yi.

Aikin da ya raba shi da kasuwa kan wani Bafulatani ne, dattijo mai shanu, abokin cinikinsa na tuntuni. Tsakiyar rani, rana na dukan ƙasa. Baba ya sunkuya a kansa ya gama tsakar kai, ta yi tal tana sheƙi. Sai wani siririn miyau ya zubo daga gefen bakinsa ya sauka a kan tsakar kan nan. Bafulatanin ya shafa, ya ɗaga kai ya duba sama ta tsakanin rassan tsamiya, ya ce, "Ikon Allah! Ruwa yanzu?" Masu jiran layi suka tuntsire. Ni ma, Allah ya sani, sai da na ciji leɓe. Baba ya naɗe aska, ya sa mini a hannu, ya ja ƙafa ya bi hanyar gida. Da na ga bayansa yana tafiya da waɗannan ƙananan takun, dariyar ta koma mini ciki, na ji kunyar kaina.

Ba a daɗe ba aka shiga mummunar shekarar nan da aka rufe kasuwanni saboda mutanen daji. Ku lokacin layin waya da aka katse kuke kuka da shi, mu kuwa tuwo. Wanzami ba shi da shago sai kasuwa. Hanyoyi suka mutu, Fulanin da ke kawo mana kawuna suka watse, mutane suka koma aske wa juna da reza a zaure, kowa ya fito da kai kamar gonar da aka yi wa noman ganin dama. Na koma ɗan fegina na gero. Asakena na fito da su in wasa in mayar, don kada hannu ya manta.

Da aka buɗe, na gyara gindin tsamiya na je in ɗauko Baba. Na tarar da shi a ɗaki, ba a zaure ba, tsumma a hannu, gaban rigarsa a jiƙe, gefen bakinsa ya tsattsage. Matarsa Inna Tumba ta ce ko masallaci sai ya ga an watse yake leƙawa. Kowa da nasa fassarar. Ita ta ce sammu ne. Maƙwabta suka ce gubar dalma ce, tunda ya sha zuwa Tungar Daji yi wa masu niƙan dutsen zinariya aski. Baba ya saurare su duka, ya kira ni kusa don muryar ba ta fita, ya ce:

"Ƙarya suka yi. Belu na. Wanda yac cire min ina jinjiri ya bar gindi, shi na yat tohu. Shina ɗiga kamar indararo, miyau sun yi min yawa. Ɗauko aska ka cire shi in koma wurina."

Na leƙa bakin. Ban ga wani abin kirki ba, ɗan tsiro ne da bai kai ƙwayar dawa ba. Amma tun da nake ban taɓa ce wa Baba a'a ba, kuma ban san ta inda ake farawa ba. Sai na ɗauko masa uzurorin da shi da kansa ya koya mini na korar aikin da ba ka so. Na ce aska ba ta yi kaifi ba. Da na dawo na ce ranar ba ta da kyau. Na sake dawowa na ce jininsa ya yi zafi, a bari a yi ruwa. Ya dube ni da fuskar nan da ba ta motsi, ya ce, "Labbo, wagga ƙaryar ni na ƙera ta, da tsohuwar aska. Tunda ka zama malamin asibiti, ranar kasuwar Nasarawa ina tahiya wurin Ɗan Hanne."

Ɗan Hanne wani wanzami ne a Nasarawa Burkullu da ke yanka kafin ya duba. Ka je masa da ciwon ƙafa ma sai ya ce buɗe baki. Ga tsoho da ruwa ma ke sarƙe shi, a ce an tsaga masa maƙogwaro jini na kwarara ciki. Na san in ya shiga hannun mutumin nan, a kwance za a dawo mana da shi. Na kuma san Baba, in ya ce za shi, ko da rarrafe sai ya je.

Na ce, "To, Baba, ni za ni kai ka. Amma ba ka zuwa gaban wani wanzami da wanga gemu, a ce yaronka ya mutu."

Askin safiyar nan shi ne wanda ba na mantawa. Na zaunar da shi a tsakar gida, na jingina shi da bango, na ɗaga haɓarsa. Na yi kumatu, na tsaya ina jiran zakaran wuya ya yi tafiyarsa kafin in gangara. Shiru. Na jira, na jira, har kumfa ta fara bushewa. Mutum mai rai da ido biyu, amma maƙogwaro a tsaye kamar an kafa shi da ƙusa, ga miyau sun taru a bayan leɓe suna neman hanya. Hannuna da kansa, ba da wani tunani ba, ya buga aska a tafi, tas-tas. Sai ga zakaran wuya ya yi sama a hankali, ya sauko. Bakin ya bushe. Na ɗan jima na sake bugawa, ya sake haɗiyewa. Ban gane kan abin ba, amma na riƙe shi a raina.

Na ɗora shi a babur, Inna ta ɗaure mu tare da rawaninsa a kugu don kada ya zame. Da muka iso mararrabar da ake karyawa Nasarawa, na ƙara wuta na miƙe hanyar Gummi. Na ji ana zungurina a haƙarƙari.

"Kai! Ka wuce hanya."

"Birki na yaƙ ƙi, Baba."

Muka ci gaba. Da muka zo wani kwazazzabo dole na taka birki muka gangara a hankali. Ya ce, "Ga shi ya kama."

Na ce, "Wurin gangara shina kamawa. Wurin kwana na ba shi yi."

Daga nan har Gummi zagina yake yi, ni da kakannina, amma da yake muryar ta yi ƙasa iska ta kwashe fiye da rabi. Sauran kuwa a bayan rigata suka sauka, na isa asibiti kamar wanda aka watsa wa buta.

Likitan da ya duba shi mutum ne mai haƙuri. Ya sa shi tafiya, ya lanƙwasa masa hannu, ya sa ya buɗe yatsu ya rufe, ya haska bakinsa. Ya ce ciwon sunansa Fakinsan, daga ƙwaƙwalwa yake, kuma yana rage wa jiki saurin motsi, musamman irin motsin da jiki ke yi da kansa ba a sa shi ba, kamar ƙifta ido da kaɗa hannu in ana tafiya. Baba ya ce shi ba wannan ya dame shi ba, miyau ne suka yi masa yawa.

Likita ya ce, "Baba, miyanku ba su ƙaru ba. Yawanci masu wannan ciwo ba su fi kowa miyau ba, wasu ma bakinsu bushewa yake yi. Abin da ya ragu shi ne haɗiya. Da can maƙogwaronku na kwashe su ba ku sani ba, yanzu ya yi nawa, sai su taru. Ga naman fuska ya ƙage, baki ba ya rufuwa sosai. Ga kai ya sunkuya gaba, sai su bi gangara. Kuma in hankalinku ya tafi kan wani aiki, abin ya fi yawa."

Ni dai sai na tuna Bafulatani da ruwan rani. Baba ya ce, "To belu fa?" Likita ya ce belu ba ruwansa, kuma mutumin da haɗiya ke yi wa wuya in aka yanke shi a nan, jini na iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Ya rubuta magani, ya ce ba ya warkar da ciwon amma yana sassauta jiki, ya ce a riƙa dawowa ana dubawa. Ya ce ya riƙa zama a miƙe, haɓa sama, leɓe a rufe, ya ɗan tauna cingam, kuma a sami abin da zai riƙa tuna masa ya haɗiye. Na ba shi labarin tas-tas. Ya yi dariya ya ce a wasu wurare har ɗan agogo ake rataya wa mutum yana ƙara don wannan, in aska ta yi aikin agogo a bar ta ta yi.

Muka dawo gida Baba ba ya yi mini magana. Maganin ya ɗan sake masa jiki, amma cingam ya ce sai dai a ba gawarsa, shi da jikoki ba zai zauna yana ƙas-ƙas kamar mai tallan goro ba. Inna ta ɗauki aikin tunatarwa da zuciya ɗaya. Daga safe har yamma, ko tana daka ko tana tankaɗe, sai ka ji, "Malam, haɗiye!" Har maƙwabta suka haddace, har wani aku da ke gidan bayansu ya ɗauka. Baba ya ce in ta sake faɗa zai koma gidan ƙanensa. Ya ƙara shigewa ɗaki. Wuyansa dai ya tsira daga Ɗan Hanne, amma wurinsa a gindin tsamiya na nan babu kowa, kuma abin na cin raina kullum na shimfiɗa tabarma.

Sai na je na sami Inna a madafa, na ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki, na ce ina shawarar sayen injin aski irin na samarin tasha, aska ta zama tsohon yayi. Inna ta gane, ta ce, "Ai ko da ka huta, ɗan nan." Ranar kasuwa ina cikin jiƙa wa wani kai sai na hango shi tafe da sanda, yana jan ƙafa, tsumma a aljihu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ina injin? Nuna min in gani in mutu." Na ce ba a kawo ba tukuna, amma tunda ya zo ya zauna ya duba mini hannu, mutane na cewa ya lalace. Na riga na ajiye masa kujera a jikin tsamiyar, inda dole bayansa ya miƙe, kuma na ɗora wanda nake yi wa aski a kan benci mai tsawo, yadda in zai ga hannuna sai ya ɗaga haɓa.

Na fara aiki. Ban kai ko kunne ba na buga aska, tas-tas. Wanda nake yi wa askin ya haɗiye, masu jiran layi suka haɗiye, mai tsiren da ke gefenmu ya haɗiye. A cikinsu, ba wanda ya lura, Baba ma ya haɗiye. Na ɗan ja aska na sake bugawa. Mai kan ya ce, "Labbo, ai ba ka zo wuya ba." Na ce ƙarfen yanzu ne ba shi da kyau, sai ana yi ana gyara masa baki. Har la'asar gaban rigar Baba a bushe, tsumma bai fito daga aljihu ba. Yana zaune yana kushe ni a gaban jama'a, wai na bar gashi a bayan kunne, wai na riƙe aska kamar mai fiɗar akuya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Haka muka yi ta yi kowace kasuwa. Ba kullum abin ke ci ba, akwai ranar da jiki ke ƙi, tsumma ya fito, amma ba ya tashi ya tafi. Bafulatanin nan ma ya dawo, ya zauna kusa da shi suna hirar shanu. Tafin hannuna ya yi kanta. Ni kuwa ina ta jin kaina, wai na yi wa tsohon wanzami wayo har sau biyu bai gane ba.

Wata rana wani direba ya zo da labarin rigimar da aka yi a tasha, labarin ya yi daɗi, na saki baki ina ji, aska a hannu, na manta da komai. Can sai na ji an taɓa ni da sanda a ƙafa. Na waiwaya. Baba ya ɗaga haɓa, ya matse leɓe iya ƙarfinsa, idonsa a kaina. Da ƙyar ya buɗe gefen baki, da 'yar muryar nan da ni kaɗai na ji, ya ce:

"Labbo, askakka ta dakushe."

Askar nan da safe na wasa ta, ko gashin jariri ta taɓa sai ya faɗi. Na buga ta a tafi, tas-tas. Ya haɗiye, ya mayar da kai wajen direba ya ce a ci gaba da labari. Ni kuwa na sunkuya a kan wanda nake yi wa aski na daɗe ban ɗago ba, don idona ya kawo ruwa kuma ban so a ce wanzamin tsamiya na biyu ma ya fara yi wa mutane ruwan rani.

Baba ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa, ɗan guntun belunsa na nan a inda yake. Kujerarsa ban ɗauke ba. Hannun nan kuwa ya riga ya saba, ko na ce ya bari ba ya ji, in na ɗan ja aska sai ya buga. Ku ci gaba da kirana Mai Tafi, ban hana ba. Amma kai mai cokali, da nake ba da labarin nan na buga ta ba sau ɗaya ba, kuma ina kallon wuyanka. Ko sau ɗaya ba ka tsallake haɗiya ba.